Mai Hayaƙin Filin Jirgi

A bakin filin da wani kumandan soja ya sa aka share don saukar jirgi, wani dattijo yana zaune kan bokitin yashin kashe gobara. Ban san sunansa ba. Tsohuwar rigar soja ce a jikinsa, ba maɓalli ko ɗaya. Idanunsa sun yi jajawur, don tun safe yake hura hayaƙi saboda masu jirgi su ga inda iska ta nufa.

A sama, wani Nasara yana koya wa ɗan'uwansa tuƙi. Jirgin yana rage gudu, yana ɗaga hanci, ƙarar injin tana lafawa, sai kawai ya sulmiyo ƙasa. Matan da ke dawowa daga rijiya suna ta salati.

"Ku yi tahiyarku, bayin Allah," in ji dattijon, ko kai bai ɗaga ba. "Koyon faɗuwa su kai. Yau karo na tara ke nan."

Amma wannan karon jirgin ya daɗe bai miƙe ba. Hannun dattijon yana turawa gaba a hankali, kamar mai sakar wa raƙumi akala a gangare.

"Sake mashi kai," yake faɗi ƙasa-ƙasa, kamar matuƙin yana jin sa. "In ka ja, kun tahi."

Ina jin ya taɓa kwasar gawar wani matuƙi da ya ja.

Injin ya farfaɗo. Dattijon ya soke hannunsa cikin aljihu, ya tura ɗanyen ganye cikin wuta da ƙafa. Jirgin yana sake haurawa, za a yi na goma.