Matar da Ke Gadin Tanderu

Ta gilashin ƙofar ɗakin gwaje-gwaje ana hango wata mata tsaye gaban ƙaramin tanderu, bakin hannun farar rigarta duk ƙuna. Garin jan ƙarfe take gasawa, irin wanda masana'antu ke zubawa don ya hanzarta haɗuwar sinadarai. Aibinsa ɗaya: zafi na yin yawa sai ƙwayoyinsa su dunƙule, ya daina aiki. Ita kuwa ta dage sai ta samo haɗin da zai hana su. Kwalbar haɗin da take gwadawa yau lambarta arba'in da uku. Wataƙila sauran ne suka sa mata furfurar nan.

A kwamfuta, layin da ke nuna ƙarfin garin yana tafiya sambal. Zafi ya haura digiri ɗari uku, layin ya fara sunkuyawa.

"Dakta, ƙarfe biyu tanderun zai koma hannun wasu fa," in ji dattijon da ke kula da ɗakin. "Ba za ki sake samunsa ba sai bayan wata biyu kuma."

"Na ji, Baba. Bar ni da marar kunyar layin nan."

Ba ta waiwayo ba. Ta sa yatsa ta tokare layin, kamar mai tallafe kan jariri. Ya bi ta ƙarƙashin yatsan, ya ci gaba da gangarawa.