Mai Buhun Yashi a Bakin Kware

Saniyar Malam Balarabe ta faɗa kware mai zurfi a bayan Damaga, baya ya karye, tana shure-shure can ƙasa. In wuƙa ba ta same ta yanzu ba, mushe ce. Gaɓar a miƙe take kamar bango, babu ko kututturen ɗaura igiya, hanyar zagaye kuma da nisa.

Ɗan gwaggona Mas'ud, sarkin shisshigi, yana sahun gaba sai wani baƙo ya ratso taro. Gajere ne, wuya kamar turmi, rabin kunne babu, yatsu uku a hagu. Mas'ud ya rantse ramin zinariya ne ya tauna shi ya tofar.

Baƙon bai gaida kowa ba. Ya danƙara yashi a buhu, ya kwantar da shi bakin gaɓa, ya ɗaura igiya biyu: mai kauri ta sauka, siririya a gindin buhu. Mas'ud ya kai hannu kan siririyar, wai taimako. Mari ɗaya, hularsa ta riga kowa isa ƙasa.

"Malam, wagga ita ka zubda yashi," in ji baƙon. "Ka ja ta ina bisa, gawata za ku kwasa."

Ya sulala, wuƙa a haƙora, buhu na jan ciki kaɗan-kaɗan. Ya danne kan saniya da gwiwa, ya yi bisimilla, jini ya yi tsiri har gemunsa. Sai ya fizge siririyar, yashi ya tsiyaye, buhu ya faɗo masa. Ya naɗe kayansa ya bi kware ya tafi.

Malam Balarabe na ta hamdala nama ya halatta. Mas'ud kuwa, hannu a kunci, yana gaya wa jama'a baƙon tsohon abokinsa ne.