Tanderun Dije Bai Huce Ba

Da safiyar nan ina cikin shirya yara makaranta aka kira ni, wai Dije ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Ga wanda bai san ta ba, Dakta Dije malamar kemistiri ce a makarantar da nake koyar da Hausa a nan Kazaure. Ofishinta yana kallon nawa. Ita 'yar ruga ce daga wajen Gwiwa, ni kuwa jikar Barebari, to kun san sauran. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Baiwata, kin share min ofis?" Ni kuma in ce, "Sai kin wanke warin kashin shanun nan tukuna."

Duk ranar da ta dawo daga gida kuwa, sai na tarar da kwanon nono a kan teburina, ba sallama ba bayani. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta asibiti, Dije ce ta riƙa ɗauko min yara, har ta koya wa babbar lissafin da ya gagare ni.

Maganar wari kuwa ba sharri na yi mata ba. A rugarsu ta sa an gina rami ana zuba kashin shanu, yana fitar da gas ɗin da take kira mithen. Yayanta Buba ne yake ɗura shi a tsohon tub na tayar mota, ya ɗauro a babur ya kawo mata lab, wato ɗakin gwaje-gwajenta.

Ni mutum ce mai shegen tambaya. Wata rana na tsare ta na ce, "Wai ke me kike nema a cikin iskar nan? Ba kunnawa ake yi a dafa tuwo ba?"

Ta ce ana kunnawa, amma ba duka yake ƙonewa ba. A inji ma haka ne, wani yana sulalewa ya tafi sama, kuma yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi. Sai ta nuna min wata hoda mai duhu a 'yar kwalba, ta ce sunanta katalis. In gas ya bi ta cikinta da zafi, sai ya ƙone tas ba tare da harshen wuta ba.

Na ce, "To ai kin gama aiki."

Ta ce, "Ina fa. Ruwa ne yake kashe min ita."

Na ce ta rufe taga mana in damina ta zo. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta kunna gas, ta kanga farantin silba mai sanyi a saman wutar na ɗan lokaci, ta juyo min shi. Wallahi ya yi raɓa.

"Daga ina ruwan nan?"

"Daga wutar," in ji ta. "Duk sanda mithen ya ƙone sai ya haifi tururi. Tururin ya manne wa hodar, ya toshe wuraren da gas yake zama, sai ta daina aiki."

Da na koma gida ranar, sai da na gwada a kicin ɗina sau biyu. Maigida ya shigo ya same ni ina leƙen gindin faranti, ya ce lafiya kuwa? Har yau abin yana ba ni mamaki, a ce wuta ce take haifar da ruwa.

Dabarar da ta faɗo mata ita ce tokar ƙaiƙayin shinkafa. Ta ce akwai wani sinadari a cikinta da take tacewa ta gyara shi, ta yi wa hodar riga da shi, yadda gas zai shiga amma ruwa ba zai samu wurin zama ba. Ta sha gwadawa tana faɗuwa. In na tambaya sai ta ce, "Wannan ma ta sha ruwa," ta sake sabuwa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a lab ɗin ce, makon jiya. Na same ta zaune gaban ɗan tanderun da take gwaji a ciki, idonta ya faɗa, tana ta tari. Na ce ta tafi asibiti. Ta ce za ta je, amma in zo in gani tukuna.

Ta nuna min wani layi a fuskar kwamfuta. Ta ce na baya da zarar an sako musu tururi sai su yi ƙasa, wannan kuwa ya ƙi sauka. Kuma ita ce hodarta ta ƙarshe, don ƙarfen da ake haɗawa da shi mai tsada ne, ya ƙare mata. In tanderun ya huce kafin gwajin ya kai ƙarshe, aikin ya tashi a banza.

"Baiwata, so nake kawai in san ko za ta jure," ta ce.

Na ce, "In ta jure me zan samu?"

Ta ce, "In 'yanta ki."

Ban san da wannan za mu rabu ba.

Ɗazu bayan an kai ta, muna zaune a gidan gaisuwa aka ce ana sallama da ni a waje. Na fita, sai ga Yaya Buba tsaye jikin babur ɗinsa, idonsa jajir. A bayan babur ɗin ga tub a ɗaure, cike fam.

Ya ce, "Malama, jiya da yamma na ɗura shi, ban san haka za ta faru ba. Da aka faɗa min na hau kawai na taho, sai a hanya na lura yana baya. Ni ban taɓa gane abin da take nema ba. Ta dai ce kada in bari gas ya yanke mata. Yanzu wa zan ba?"

Kukan da na riƙe tun safe a nan ya ƙwace min.

Muka tafi makaranta tare. Malam Isuhu, mai kula da lab ɗin, ya buɗe mana. Ya ce bai kashe komai ba, hannunsa ya ƙi zuwa wajen makunnin. Wutar sola tana riƙe da tanderun, yana nan da zafinsa. Ya tace gas ɗin kamar yadda ta saba, ya jona. Layin yana ta tafiya a kwamfuta. Mu uku muka tsaya muna kallonsa, ba wanda zai iya cewa ya ci ko ya faɗi. Malam Isuhu ya ce kunnawa da jonawa ne nasa, fassarar sakamakon ita kaɗai take yi da ɗalibanta da suka gama suka watse.

Gas ɗin da ke nan ba zai wuce makon nan ba. Yaya Buba ya ce zai ƙaro in akwai mai dubawa.

Allah Ya jiƙan Dije, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa iliminta ya bi ta da lada. Allah Ya ba iyayenta da mu duka haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a. In kuma akwai ɗalibinta a cikinku da ya iya karanta layin nan, ya yi wa Allah ya zo kafin tanderun ya huce, ya faɗa mana ko hodar ta jure, mu ji a madadinta.