Tsumma da Inuwar 'Yan Balo

Ku da kuka shigo aikin nan bayana, ban mance da ranar gasar samarinmu da na Sabon Maci ba. Aikina a ɗakin wasan bidiyo na Alhaji Ilya shara ne da goge ekaran, wato allon da ake kallon wasan. Da safe nake gogewa da busasshen tsumma, ɗiyata Nana tana goye. Mijina yana ci-rani, aikin nan ne hurarmu.

Ana fara balo, wato wasan ƙwallo, sai samarinmu suka soma ƙorafi. In ɗan wasan cikin allon ya ruga, sai ya ja inuwa a bayanshi, ƙwallo ta zama biyu. Aka ci su. Babban ɗan wasanmu, Sanusi, ya jefar da manet, abin da ake sarrafa wasan da shi, ya ce, "Alhaji, wa ya jiƙa allon nan?"

Alhaji ya juyo kaina. "Rabi, ruwa kika sa?"

Na ce, "Alhaji, dubi dai, in sun tsaya fes yake. Sai sun ruga. Datti yana jiran gudu ne?"

"Ke da ko karatun lakwal ba ki gama ba, ni za ki koya wa?"

Gaban baƙi ya ce in aje tsintsiya in tafi. Nana na kuka, samari na dariya. Kwanakin da suka biyo, makwabciya ce ta riƙa ɗibar mana gero.

Sai ga mai gyara daga Maradi. Ya duba ya ce akwai wani saiti da ke hana wannan inuwa, allon ya riƙa sauya hoto da sauri, amma yana shan kuran, wato lantarki. Wa ya kashe shi? Alhaji ne da hannunshi, jajibirin gasar, wai don batirin pano, faifan hasken rana, ya kai yamma. Sanusi ne ya zo gida ya gaya mini, yana ta sosa ƙeya.

Aka aiko in koma. Na ɗauka zan ji kalma guda ta ban haƙuri. Alhaji ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Wurin ya yi ƙura."

Na ɗauki tsintsiya saboda Nana. Tun ranar ba na taɓa ekaran sai yana tsaye yana kallo, ko yana sauri sai ya jira.

Ku ma ku yi haka. A aikin nan, in hoto ya lalace ba a tambayar wanda ya taɓa saiti, mai tsumma ake nema.