Makullanmu a Hannun Goggo Odile

In dai iska ta kwana tana bugowa daga teku, tsohuwar bas ɗin Odile Pettipas ce ke riga kowa isa gaɓa. Za ta tsaya inda ta saba, ta kunna hita, ta jera fulas ɗin shayi da burodi mai maɗi, sannan ta rataya katakonta mai ƙusoshi a jikin ƙofa. Duk mai wasan hawan igiyar ruwa, da allonsa a hammata da rigar roba har ka, sai ya biya ya rataya makullin motarsa. Makullin zamani ba ya shan ruwa, wanda aka ɓoye a bayan taya kuwa ɓarayi sun san da zamansa. Ba wanda ya ɗauke ta wannan aiki. Tun da ta bar tuƙa motar 'yan makaranta ta ɗora wa kanta.

Ba da makullin ba wuya. Karɓarsa ne masifa.

"Taɓa mu gani," abin da za ta ce ke nan. Sai ka haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa a gabanta. Wanda ya daɗe a tekun Nova Scotia cikin tsananin sanyin Fabrairu ya san yadda yatsun nan ke ƙin juna. In ba su haɗu ba, ka shiga bas ka zauna. Mun yi mata tsaki, mun sa mata suna Sajan, ko a jikinta.

Ranar da ta fi ba mu haushi ita ce Asabar ɗin Garnet Bellefontaine, ƙaton nan mai aikin rufin gidaje. 'Yarsa Josette na da wasan ƙarshe na hoki, ƙwallon sanda a kan ƙanƙara, da tsakar rana, tsohuwar matarsa Marlene kuma ta rantse in ya sake saɓa wa yarinyar alkawari, ya manta da ɗaukar ta ranar Asabar. Sai ga igiya irin wadda ba a gani ba duk hunturun. Garnet ya ce ɗaya kawai zai hau. Ya fito rana ta yi sama, gemu duk ƙanƙara, leɓe ya koma shuɗi.

"Goggo, makulli! Na makara!"

"Taɓa mu gani."

Ya gwada. Yatsun suka tsaya cak kamar busassun ƙirare.

"Don girman Allah, Goggo, yau ba ranar wasa ba ce. Marlene za ta raba ni da yarinyar nan."

"Da kake can kana rawa a kan ruwa, ina Marlene take? Ji bakinsa, maganar ma ba ta fita daidai."

Ya kai hannu ga katakon. Ta riga shi, ta jefa makullin cikin dogon takalminta, ta taka.

"Zo ka cire, ƙaton banza."

Nan Goggo ta rasa yadda za ta yi. Ba za ta bar shi ya tuƙa ba. Ba za ta bari a raba uba da 'ya a kan idonta ba. Tafiya kuma ba ta yiwuwa, don makulli a ƙusa na nufin mai shi yana cikin ruwa, ita kuwa ba ta taɓa juya wa ƙusa mai makulli baya ba. Sai ta ɗora hannu kan oda ta danne, dogon bugun da kowa ya san na wani ya nitse ne.

Mutane suka watsar da igiya suka fito da gudu. Lorne Conrad, dattijon cikinsu, ya iso yana haki.

"Waye? Wa ya nitse?"

"Ba kowa. Ku shiga mota, hoki za mu."

"Hoki? Goggo, shekara muka yi muna jiran wannan igiyar!"

"To, ku jira wata. Ko akwai mai iya tuƙa kansa gida? Taɓa mu gani."

Ba wanda yatsunsa suka haɗu. Suka jibge allunan bayan tudun ƙanƙara, suka cushe a bas suna ƙunƙuni.

Garnet ne ya fi kowa surutu. Yana tsakiyar gaya mata cewa ba ita ta haife shi ba, daidai kwanar nan da ke saman duwatsu, maganar ta yanke. Kansa ya faɗo kafaɗar Lorne. Sanyin hannu da ƙafa ne ya komo masa ƙirji. Lorne ya ce kowa a motar ya leƙa taga ya dubi duwatsun da ke ƙasa, ya tuna wanda ya so ya riƙe sitiyari a wurin. Goggo ba ta ko waiga ba. "Ku ƙara masa bargo, ku matsa jikinsa," ta ce. Da ya farfaɗo, abin da ya fara tambaya makullinsa ne.

Ana fara wasa suka shiga. Josette ta ɗaga kai ta ga ubanta naɗe da bargo mai furanni, a tsakiyar layin ƙarti cikin baƙar roba suna ɗigar da ruwa. An ci su Josette a wasan. Marlene ta yi dariya har da hawaye, Asabar ɗin Garnet kuma tana nan har yau.

Wa ya gode mata? Lorne har gobe zancen igiyar yake yi.

Ke ce uwar makullai, Goggo Odile. Ke ce kika sha tsakinmu kika mayar mana da shayi. Kin ɓata mana rai, kin makarar da mu wurin aiki, amma ba ki taɓa kai wa iyalin kowa makulli ba tare da mai shi ba.

Makon jiya ta kira Garnet ta miƙa masa katakon, ta ɗora makullin bas ɗinta a kai. Ya tambaye ta dalili. Ta ɗaga hannu a gaban hita. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe yatsun, sun ƙi haɗuwa.

"Haba Goggo, wa zai gani?"

"Ni na gani."

Mun gode, Sajan. Ku kuma sauran, ku ji kunya. Garnet Lahadi kaɗai yake iyawa, Asabar ta Josette ce, sauran ranakun ba kowa a gindin katakon. Wani ya haƙura da igiya rana ɗaya ya zauna a bas.

Lahadin nan Garnet ya ɗauko ta, ta wuni a kujerar gefe tana yi wa kowa faɗa. Da yamma ya zaro makulli zai mayar da ita gida. Ko ƙafa bai sa a ruwa ba ranar, amma ta dafe sitiyarin.

"Taɓa mu gani."

Ya taɓa.