Kabarin da Muka Haƙa wa Malam

A firamaren ƙauyenmu, kusa da Ɗambatta, akwai wani malami da manya suke kira Tsohon Soja, mu yara kuma mu ce Malam kawai. Ya dawo daga aikin soja yana ɗingisa ƙafar hagu, ya shiga koyarwa, har ya koyar da iyayenmu sannan ya koyar da mu. Duk da ƙafar nan, ban taɓa ganin ya jingina da bango ba.

Ni yaro ne mai kunya. Idan ya yi tambaya, sai in sunkuyar da kai in faɗi amsar can ƙasan maƙoshi. Yakan tako ya tsaya a kaina.

"Teburi kake gaya wa? Ai teburi ya daɗe da gama makaranta. Miƙe! Ƙirji waje! Gaya wa mutane!"

Ajin ya kwashe da dariya, ni kuma in ji kamar in nutse.

Malam Bahaushe ne Kirista. Kiristocin ƙauyen suna da wani ɗan coci na ƙasa a bayan gari, gidaje kaɗan ne suke zuwa. Shi yake share shi ranar Asabar, shi yake yaɓe bangon kafin damina, shi ya dasa darbejiyar da ta kewaye shi. Wani tsohon ƙarfen tayar mota ne ƙararrawarsu. Idan lokacin addu'arsu ta yamma ya haɗu da kiran la'asar, za ka hango shi tsaye da guduma a hannu, ba zai buga ba sai ladan ya yi shiru.

Ina gida hutu daga makarantarmu ta Kano ya rasu, gero ya fara fitar da kai. Ya bar wasiyya a binne shi a bayan cocin, cikin inuwar bishiyoyinsa. Amma samarin cocin duk sun tafi birni neman aiki, sai tsofaffi. Faston da zai yi masa addu'a kuwa daga ƙetaren rafi ya zo a kan babur, ya ce dole ya koma kafin ruwa ya sauko, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. In ba a samu kabari a kan lokaci ba, sai dai a ɗauki Malam a mota a kai shi wani gari.

Bayan azahar liman ya juyo ya dube mu. "Duk wanda Tsohon Soja ya koya wa baƙi da wasali, ya je ya ɗauko diga."

Kusan rabin masallaci ya tashi.

Ƙanen babana ne ya ja gaba, domin shi ya saba haƙa kaburburan garinmu. Bai ma nemi awo ba, ya ce ya san tsawon Malam tun yana ɗan aji ɗaya. Aka haƙa yadda muka sani: rami mai faɗi a sama, sai siririn rami a cikinsa daidai kwanciyar mutum a likkafani. Wasu suka saro itacen da ake jerawa, wasu suka kwaso fasassun tukwane. Aikin ya yi kyau ƙwarai.

Aka aike ni gidan Malam in ɗebo ruwan sha. A tsakar gida na tarar da kafinta yana goge akwatin gawa. Ban taɓa ganin irinsa kurkusa ba. Na zaro kara daga dangar gidan, na gwada faɗinsa, na karya shi daidai nan, na koma da sauri. Da na ɗora karan a bakin siririn ramin, sai ya zauna a sama, bai shiga ba.

Na ce, "Baba, akwatin fa..." Ni kaina da ƙyar na ji abin da na faɗa.

Wani abokina da muka yi aji ɗaya ya ɗago daga cikin rami, fuska duk ƙasa. "Kai ɗan boko, teburi kake gaya wa?"

Na miƙe tsaye sosai. "A akwati za a binne Malam! Ba zai shiga nan ba!"

Ƙanen babana ya karɓi karan, ya gwada da kansa, ya cire hula ya sosa kai.

"Innalillahi. Mun yi wa Tsohon Soja kabarin liman."

Dariya ta ƙwace wa mutane, har da masu hawaye. Ƙanen babana ya daka tsawa, "Ku shiga ku fasa shi, ku mayar da shi ɗaki guda! Ga ruwa nan tafe!"

Muka yi ta sara, iska tana watso mana ganyen darbejiya. Ba wanda ya sake tambayar ruwan da aka aike ni ɗebowa. Da tsofaffin cocin suka iso da akwatin suna waƙa a hankali, mun fito mun jeru a gefe, hannuwa duk kanta. Aka zura shi da igiya, ya sauka ya zauna daram. Fasto ya yi addu'arsa, muka mayar da ƙasa, ya hau babur yayyafi yana dukan bayansa.

Matar Malam ta dubi tulin itacen da muka saro, ta tambaya na mene ne. Ƙanen babana ya yi mata bayani yana kallon ƙasa.

Ta ce, "To ku kai min gida kafin ya jiƙe. Gobe akwai baƙi masu yawa."

Muka ɗauka a ka, muka bi bayanta.