Ƙuri'ar Kujera Ta Takwas

Ranar Talata wasiƙun suka zo, guda biyu, ambulan iri ɗaya, da tambarin Masunta, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta garin, a kusurwa. Ɗaya da sunan Delbert Hruska, ɗaya da sunan Lorna Hruska. Delbert ya tsaya a bakin akwatin wasiƙa cikin silifas, iskar tafki tana shiga masa ta wuyan riga, yana kallon sunan matarsa da aka buga da baƙin inki kamar babu abin da ya faru. Wata goma sha huɗu ke nan da binne ta.

Laifinsa ne. Ya sanar da banki, ya sanar da ofishin fansho, ya kwashe rigunanta ya kai coci aka raba. Amma kujera ta takwas a layi na talatin da ɗaya a filin wasa, wannan ya bar ta da sunanta, bai ce wa kowa uffan ba.

Wasiƙar ta ce za a rushe tsohon filin wasa bayan wannan kakar, kuma a ƙofar sabon za a kafa mutum-mutumi na tagulla, guda ɗaya tak. Ko na Royce Tallant, ko na Alton Mabry. Kowace kujera tana da ƙuri'a ɗaya, za a jefa a akwati ranar Lahadi, a wasan ƙarshe. Duk wanda ya kawo wannan shawara a ofishin ƙungiya, lallai ba ya son zaman lafiyar gidajen garin Port Halden.

Dukansu biyun kwatabak ne, masu jifa, waɗanda ƙwallo ke fara zuwa hannunsu, zagi kuma ya ƙare a kansu. Tallant, mai lamba tara, shi ne na farko. Mutum ne mai jifa kamar wanda ake bi da sanda, ba ya duba gabas balle yamma. In ta yi kyau, filin ya ɗauki ihu har a ji a bakin tashar jiragen ruwa. In ta ɓaci, ta faɗa hannun abokan gaba, shi kuwa ya fita yana dariya. Shi ya kawo wa garin zoben zakaru, wanda ake ba waɗanda suka lashe gasa, sau ɗaya a tarihinsa, da jifan yadi sittin cikin dusar ƙanƙara, saura daƙiƙa huɗu a tashi. Bayan shekara uku ya tattara ya koma wata ƙungiya a ƙasar rana, ko sallama bai yi ba. Mabry, mai lamba goma sha huɗu, shi ya gaje shi. Shekara goma sha biyar yana wasa, bai taɓa fashi ba, har da ranar da ya shiga da karyayyen haƙarƙari. Jifansa gajere ne, yadi biyar, yadi bakwai, a natse, sai ka yi gyangyaɗi ka farka ka tarar an ci. Sau biyu ya kai garin wasan ƙarshe na neman zobe, sau biyu ya dawo hannu rabbana.

Delbert masoyin Tallant ne tun ba shi da gashin baki. A titin Dock aka haife shi, ubansa ɗan dako ne a jiragen da ke ɗaukar tama, kuma abin da ya bar masa a duniya bai wuce agogon hannu da kujera ta bakwai ba. Ta takwas ta wani mahauci ce, Mista Pelkey, wanda ciwon baya ya zaunar a gida, ya riƙa turo 'yarsa Lorna. Takan zo da littafin rubutu da fensir a bayan kunne, da fulas na miyar wake mai yaji. Ranar da Tallant ya yi wani jifa na hauka ya dace, Delbert ya yi tsalle har hularsa ta faɗi. Yarinyar ba ta ko ɗaga kai daga littafin ba ta ce sa'a ce kawai. Ya juyo don ya gyara mata magana, gyaran da ya ɗauke shi shekara arba'in da shida.

Aikinsa tuƙin bas, lamba goma sha biyu, daga bakin tasha zuwa asibitin gari a dawo. Shekara talatin da shida a kan hanya ɗaya. Da ya yi ritaya aka ba shi agogon bango da takardar yabo, wadda Lorna ta sa a gilashi, shi kuwa ya ce ɓarnar gilashi ce. Ita tana dafa abinci a makarantar firamare. Sun haifi 'ya ɗaya, Corinne, wadda ta girma cikin gardamar iyayenta har ta tsani ƙwallo, ta yi aure a Arizona inda ba ruwan kowa da Masunta.

Gardamar kuwa ba ta da ranar hutu. A kan teburin karin kumallo ake farawa, a ci gaba a mota, a ƙarasa a harabar coci da murya ƙasa-ƙasa. Kullum hanya ɗaya take bi. Delbert zai ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Zobe nawa naki yake da shi?"

Lorna za ta leƙo shi ta saman tabarau, ta lashi ɗan yatsa, ta buɗe littafin, ko da yake ta haddace. "Ƙwallo nawa naka ya miƙa wa abokan gaba? Ɗari da sittin da ɗaya, Del. Ga shi a rubuce."

"Ɗari da sittin ne. Ɗayar a tafin hannun mai karɓa ta sauka, ya sake ta. Ido na a kai."

"Idon da ba ya ganin gishiri a gabansa."

In ya matsa mata da zancen jifan nan na cikin ƙanƙara, takan rufe littafin ta ce ita dai mutumin da ke zuwa aiki take so. Shi kuma ya ce wannan ba hujja ba ce, ya tashi ya wanke kwanuka cikin jin daɗin ya yi nasara. Har a makonta na ƙarshe a asibiti sun yi, sai da wata nas ta leƙo ta ce don Allah kada a tayar wa mara lafiya hankali. Lorna ta ce mata ta bar shi, shi ne maganin da ya rage yana yi mata aiki.

Bayan rasuwarta babu abin da ya fi ci masa rai kamar yadda kowa ya koma yarda da shi. Maƙwabtan kujera, mutanen da suka shekara ashirin suna taya Lorna cin mutuncin Tallant, yanzu in ya yi magana sai su gyaɗa kai su ce gaskiyarka ce, Del. Corinne takan kira ranar Asabar ta ce, "Haka ne, Baba," tun bai kai ƙarshen zance ba, sannan ta kawo maganar ɗakin da ta gyara masa a Arizona. Tausayi ne, ya sani, amma tausayin ya bar shi kamar mai tura ƙofar da aka riga aka buɗe. A filin wasa yana zuwa da fulas da kofuna biyu saboda hannunsa ya saba. In aka yi jifa mai kyau bakinsa kan buɗe, kansa ya juya dama, sai ya tarar da katakon kujera kawai. Kewa ce mai nauyi, kuma ba shi da wanda zai gaya wa, don mai sauraronsa ita ce ta tafi.

Ranar Alhamis ya je gidan cin abinci na bakin tasha, inda tsofaffin ma'aikata ke shan gahawa da hantsi. Orval Tietz na nan a kujerarsa, abokinsa tun firamare, masoyin Tallant na gani-kashe-ni. Delbert ya yi kuskuren nuna masa ambulan biyun.

Orval ya buga tebur. "Kai, tsoho, ai ka tsinci dami a kala. Ƙuri'a biyu! Duk ka dangwala wa lamba tara. Wa zai sani? Matattu ai suna zaɓe a garin nan tun zamanin kakana."

Delbert ya ce shi ma abin da ya yi tunani ke nan. Kuma gaskiya ya faɗa. Daren jiya da shekaranjiya ya yi ta murmushi shi kaɗai, yana hango yadda a ƙarshe zai ci gardamar da hannunta.

Orval ya samu bakin magana, ya ci gaba yana zuba sukari a gahawa. "Mabry fa me ye shi? Direban bas. Tasha-tasha, yadi biyar-biyar, yana leƙen madubi. Kullum yana nan, kullum a kan lokaci, bai taɓa kai kowa wani wuri na kirki ba. Ka taɓa ganin an kafa wa direban bas mutum-mutumi?"

Sai da maganar ta gama fita ya tuna da wa yake magana. Kunnuwansa suka yi ja, ya fara kame-kame. Delbert ya yi dariya ya ce ba komai, ya shanye gahawarsa, ya sa hula. Amma bai bi hanyar da ya saba ba. Ya tsaya a tashar bas ta lamba goma sha biyu, bas biyu suka wuce shi bai shiga ba.

A gida ya sauko da kwalin takalma inda littattafanta suke, ɗaure da roba. Bai san abin da yake nema ba, kuma bai sami wata wasiƙa ko sirri ba. Lambobi ne kawai, layi-layi, da rubutunta mai karkata. Sai dai a saman kowane shafi na wasan Mabry, kusa da kwanan wata, ta rubuta kalma biyu: ya zo. Ya buɗe shafi bayan shafi, shekara goma sha biyar, babu inda ta tsallake. Ya zauna a bakin gado. Shekara talatin da shida, ƙarfe shida da minti goma na yamma, in ya turo ƙofar baya yana karkaɗe takalmi, ba ta ce masa sannu da zuwa. Ba ta ma juyowa daga murhu. "Ka zo," take cewa, shi kuma ya ɗauka rashin iya tarbar miji ne irin na gidan mahauta.

Ya ji kunya, irin wadda ba ta da wurin kaiwa. Ashe duk shekarun nan matar tana yabonsa a bainar jama'a, shi kuma yana ɗaga mata yatsa yana tambayar zobe. Ya ɗauki fensirinta, ya yi wa Mabry alama a takardarta. Ya jawo tasa da niyyar ita ma ya ba Mabry, a rufe zancen, ya biya ta abin da ya hana ta tana raye. Fensirin ya tsaya a sama. Ya ninke takardar ba alama, ya sa a aljihun kwat.

Lahadi ta zo da sanyi mai cizo da rana fara ƙal. Filin ya cika maƙil, rabi sanye da lamba tara, rabi da goma sha huɗu, tsofaffi suna nuna wa juna yatsa a kan matakala. Delbert ya zauna a ta bakwai, ya ajiye littafinta na ƙarshe a ta takwas don kada wani ya ajiye jaka. Masunta suka sha kashi, kamar yadda suka saba, bai ma bi wasan sosai ba. Hannunsa na cikin aljihu yana murza takardar.

Yana ta gwada abin a ransa. Ya ga kansa ya ce mata, to Lorna, kin yi gaskiya, naki ya fi. Ya san sarai yadda za ta yi. Za ta taɓa masa goshi ta tambaye shi ko zazzaɓi yake yi. Daga nan kuma fa? Daga nan shiru. Babu sauran abin da zai juya dama ya faɗa, a fili ko a mota ko a kan tebur. A sabon filin za a ba shi kujera ɗaya ta roba, da sunansa kaɗai, wannan ba makawa. Abu ɗaya ne ya rage a tsakaninsu wanda ba a binne ba, kuma ga shi yana shirin binne shi da hannunsa, wai don kara.

Mutane suka fara watsewa, waɗansu suna ɗaukar hoton kujerunsu, waɗansu suna share ido. Ya jira har layi na talatin da ɗaya ya zama ba kowa. Ya fito da takardarsa, ya ɗora a gwiwa, ya yi wa Royce Tallant alama, ya danna har bakin fensirin ya kusa huda ta. Ya haɗa takardun biyu wuri ɗaya. Ɗaya ta kashe ɗaya ke nan, ko masu ƙidaya ba za su san sun zo ba.

Ya juya dama, ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Zobe nawa naki yake da shi?"

Ya jira daidai tsawon lokacin da take ɗauka ta leƙo shi ta saman tabarau, ta lashi ɗan yatsa, ta buɗe littafin. Iska ta ɗan ɗaga bangon littafin ta mayar.

"Ɗari da sittin ne," in ji shi. Ya ɗauki fulas da kofunan biyu, ya gangara wajen akwatin.